Gajeren Layi a Ƙwaryar Inna

'Yan'uwa, yau na ga abin da na shekara arba'in ina kallo ban lura ba.

Kun tuna ƙwaryar da marigayiya Inna ta zana da hannunta a Dabai, wadda ta fashe bara? Hotonta kaɗai ya rage a wayata. 'Yata Rifkatu ta ce zanen kakarta take so a katin aurenta. Da safe muka je shagon buga kati. Mai shagon ta ƙara girman hoton, sai ya dagule.

Mai shagon ta ce, "Mama, sai dai a sake zanawa."

Ta buɗe wani shafin zane a intanet, ta ɗora hoton. Wai layin da aka ja a nan, ko an mai da shi girman ƙofa ba ya dusashewa.

Rifkatu ta ce, "Mama, ke kika san ƙwaryar. Zauna."

Ni da na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci! Na dai zauna. In danna nan, in danna can, layi ya fito. In ya karkace, a goge in sake.

Ina bi ina ƙirgawa. Layi bakwai ne a gindin ƙwaryar. Duk dogaye, ban da na huɗu.

Mai shagon ta ce, "Hannun tsohuwa ya goce a nan. In ja shi ya kamo sauran?"

Na sake ƙirga layukan. Mu bakwai Inna ta haifa. Na huɗu shi ne Bulus, wanda ya rasu yana goye.

Na ce, "A'a 'yata, bar shi inda ta tsayar da shi."

Haka aka buga katin.