Kwandon Ƙwan Zabi

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai iya kwashe yammacin da na ga wani abu ya miƙe daga cikin inuwata a bayan garin Bungudu. Ina tafe ina kallon inuwar tawa a ƙasa, ina jin daɗin yadda ta yi tsawo da kwando a kanta, sai na ga faifan da aka rufe kwandon da shi ya ɗaga, wani siririn wuya ya fito yana lilo.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina budurwa a gidanmu na Tudun Wada a Gusau, ba abin da na sa a gaba sai littattafan soyayya da muke haya a kasuwa. A cikinsu kowace jaruma mai natsuwa ce, tana tafiya kamar tana tausayin ƙasa. Ni kuma sai na ɗauka natsuwa ita ce miƙe wuya da tafiya ba tangaɗi. Na yi ta gwaji a tsakar gida da tulu a kai, har ya zama ina iya zagaye gidan ban dafa ba, ruwa bai zuba ba. Daga nan na yanke wa kaina cewa na gama zama jaruma, saura jarumi ya bayyana.

Ɗiyar baffana ta Tsafe aka aurar Bungudu, muka tashi kai gara. An loda kayan a bas daga Tsafe, muka ratsa Gusau, muka sauka gidan wata 'yar uwarmu a bayan gari. Kayan suka kwana a ɗakin ajiya kusa da rumbu. Damina ce, lokacin ƙwan zabi, wata tsohuwa a dangi ta kawo gudummawar kwando guda, an shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa an rufe da faifai. Da aka zo rabon kaya washegari da la'asar, kowa ta ƙi shi don tsoron fashewa. Ni na ce a ba ni. Dalilina kuwa wani abokin ango ne mai babur da baƙin gilashi, wanda tun ranar ɗaurin aure na ba shi matsayin jarumi bai sani ba. An ce shi zai yi mana jagora. Ina so ya ga yarinyar da ta ɗauki ƙwai ba ta dafa ba.

Muka jeru a wata siririyar hanya tsakanin gonakin dawa. Yara a gabana, bayana kuma wata mai goyo da kwallar man gyaɗa. A gefena Gwaggo ce, ƙanwar babana, wadda shan-inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana ƙarama. Da sanda take tafiya, kowane taku sai ta karkace kamar za ta faɗi. Ko ludayi ba a ba ta ta ɗauka ba. A idona na lokacin, ita ce mace ta ƙarshe da zan kira mai natsuwa.

To a nan ne na ga abin a inuwa. Wuyan ya ƙara fitowa, kan ya baje kamar tafin hannu. Gamsheƙa. Ashe cikin ɗakin ajiya ya shiga kwandon, ya sha ƙwai ya kwanta a ƙarƙashin ciyawa, girgizar tafiya ce ta tashe shi. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Abu ɗaya kawai zuciyata ke faɗa mini: wurgar da kwandon ki ruga. Har hannuna ya fara tashi.

"Ɗiyata, sauke hannunki," in ji Gwaggo, da irin muryar da take cewa a miƙo mata gishiri. "Na gane shi. In kin yar da shi gaba, yara ne. In kin yar da shi baya, jinjiri ne. In ya zame, wuyanki ne. Tsaya yadda kike."

Ba ta yi ihu ba, ba ta ma ambaci sunan abin ba. Ta juya ga mai goyo ta ce, "Ke, koma baya ki gyara goyonki, ya karkace." Ta ce wa yaran, "Ku ruga ku ce ma uwar ango ga mu nan tahe, wanda ya riga isa shi ka cin alkaki." Suka kwasa a guje suna dariya. Sai da hanya ta yi fili sannan wata daga nesa ta hango, ta ƙwalla ƙara. Jarumina ya waiwayo, ya cire gilashi, ya ce, "Innalillahi! Bari in kira maza!" Ya murɗa babur. Ban taɓa ganin an tafi kiran maza da irin wannan gudu ba.

Ƙarar ta harzuƙa macijin. Na ji hucinsa a saman kaina, na ji nauyin kwandon yana komawa gefe guda. Wani abu mai sanyi ya goga mini kunne ta saman ɗankwali.

"Gwaggo, zan faɗi."

"Ba ki hwaɗuwa. Ke da ke yawo da tulu kina hana mu barcin rana? Rufe idonki, wannan tsartuwa yake yi. Rufe gam."

Na rufe. Wanda bai taɓa ɗaukar kaya ido a rufe ba, ba zai san yadda ƙasa ke juyawa ba. Sai na ji yatsunta sun kama nawa. Ta ce akwai wata bishiya a bakin gona mai reshe ƙasa-ƙasa, can za mu, in ya samu abin hawa zai bar ni. Ta shiga gabana tana tafiya da baya, ita da ko da gaba ba ta tafiya daidai. Ina jin sandarta tana nutsewa a laka, tana zarewa. Idonta kuwa a buɗe, fuskarta tana kallon abin da aka hana ni kallo.

Tana ja na tana hira. "Taka. Madalla. Wai ni wancan mai gilashin ne kike ta yi ma yanga tun shekaranjiya? Taka. Ai kuwa kin yi zaɓe, ko zomo bai kai shi gudu ba. Kada ki yi dariya, ja'ira. Taka." Hawaye na zuba ta ƙarƙashin fatar idona, amma wuyana bai motsa ba. Abin da na koya don yanga, shi ya riƙe kwandon. Muryarta kuma ita ta riƙe ni.

Ganye ya taɓa goshina. Ta ce, "Tsaya nan. Yi salati cikin ranki." Na ji faifan ya zame ya faɗi. Sannan nauyi ya fara raguwa a kaina a hankali, kamar ana zare igiya mai tsawo, reshen yana ƙara. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, ni dai na ga kamar damina ta wuce wata ta zo. Daga ƙarshe ta ja ni gefe da sauri ta ce, "Buɗe."

Ina buɗewa na ga Gwaggo zaune daɓas a cikin laka, sanda a gefe, jikinta na kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Mata suka taru aka sauke mini kwandon. Ban da waɗanda macijin ya sha, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ashe ke ma kina tsoro?" Ta harare ni ta ce, "Ni da ko tsaka na gani a ɗaki sai na kwana waje? In na nuna miki, wa zai riƙe wani?"

Maza sun iso da sanduna bayan macijin ya daɗe da shigewa dawa. Jarumina na bayansu.

Tun ranar na daina haɗa abubuwan nan biyu, daidaito da natsuwa. Daidaito na jiki ne da kaya, ana koyonsa da gammo, ko tukunya a kan murhu tana da shi. Natsuwa kuwa sai mutum, kuma ba a ganinta a tafiya, sai ranar da zuciya ta ce a ruga, mutum ya tsaya saboda wani. Gwaggo ta rayu har ta ga 'ya'yana, a ƙarshe ma ƙafar ta ƙi ɗaukarta gaba ɗaya, sai a zaune. Amma har ta koma ga Allah, duk gidan da aka shiga tashin hankali a danginmu, haihuwa ta zo da gardama ko an yi rashi, ita ake fara ɗaukowa a mota. Ba ta iya tsayuwa, amma da ta shigo sai kowa ya samu inda zai dafa.