Zuwa Tamaske Neman Sunan Salifu

Tun assalatu munka bar gida, ni da Illa, kafin masu ƙosai su hura wuta. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Abin da idona ya gani nake faɗa, na kuma hana ta ƙara gishiri.

Ga abin da ya fid da ni. Salifu ɗan farin yayata Kuluwa ne, amma a hannuna ya tashi nan Madawa tun da anka yaye shi. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Yaya Kuluwa kuwa ta riƙe wannan fiye da kowa, "yaron nan naki" take ce mani har ya yi furfura. Yanzu yana Abijan kwance gidan likita, ciwo ya ƙi sakinsa, hanya kuma ta fi ƙarfinsa. A waya ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa: "Inna, don Allah, ta taɓa faɗin sunana?" Na ce ta taɓa. Ya ce lallashinsa nake. Ni kuwa ba na lallashi. Akwai waƙar da take yi bakin turmi, tana saka sunansa daidai inda taɓare ke faɗuwa tare, don kar kowa ya ji. Ni na sani ne domin bakinta nake kallo. An gwada ɗauka da waya, ba abin da ya fito sai dum, dum.

Illa ɗan maƙwabciyata ne, magidanci da iyalinsa, yana da ɗan ɗaki bayan kasuwa inda yake ɗaukar waƙoƙin biki da sanarwa. Ya ce a kawo masa tsohuwar. Na ce gwiwoyinta sun daina hawa mota, kuma waƙar daka ba ta fitowa inda babu turmi. Ya ce to ɗakin zai je wurinta can Tamaske.

Madawa zuwa Buza

Kayansa ba su da yawa: ordinatar, wato kwamfuta, cikin jaka, mikro da wayoyinsu, batir, sai wani tsohon akwatin ƙarfe mai faɗin teburin mai shayi, cike da maɓallai da ƴan sanduna masu hawa da sauka. Tebur yake ce masa, teburin haɗa sauti. Hannun masu lasifikar biki ya saye shi, ya naɗe shi da bargo.

Direba ya dubi bargon ya ce, "Hajiya, wannan sama za shi, da buhunan albasa."

"Ba za shi ba."

"To jariri ne?"

"Jariri in ya faɗi yana warkewa."

Na biya masa kujera kamar mutum, ya zauna tsakanina da Illa. Munka fita gari ana rarrabe fari da baƙi. Kaka ce, gonaki sun zama karare, dammunan gero jibge bakin hanya. A shingen jandarma anka duba takardunmu, ɗaya ya sa Illa ya buɗe bargo. Ya daɗe yana kallon maɓallan, sannan ya ce, "Inna, ke ce mawaƙiyar?" Na ce in na yi waƙa zai bar shingen ya gudu. Ya yi dariya ya sake mu.

Buza

Da hantsi munka sauka, motar Keita kuwa ba ta cika ba sai bayan azahar. Munka ci kwaɗon zogale a inuwar itacen bedi. Hurar da na saya ruwa ya yi mata yawa, na gaya wa mai ita, ba ta ji daɗi ba.

Muna zaune na tambayi Illa abin da ke cina tun gida. Ana cewa ordinatar na yin komai, to don mi muke jan wannan tsohon ƙarfe? Ya fid da wani ɗan akwati kamar na sabulu, ya nuna mani ramuka biyu.

"Ta nan murya ke shiga ordinatar, Inna. Baki biyu kaɗai gare ta. A ɗakina ɗaya-ɗaya nake ɗaukar mutane in jera su. Za ki iya sa mata su yi lugude ɗaya-ɗaya?"

"Sai dai mahaukata."

"To tebur na karɓar baki da yawa ya mayar biyu. Turame da masu amshi duka in tura su dama. Abin da na haɗa can ya haɗu ke nan, kamar hura da nono, ba mai raba su. Inna Kuluwa ita kaɗai in tura ta hagu. In mun gama, tata na nan daban, in ɗaga ta yadda nake so."

Na ce na ji. Amma na gitta masa sharaɗi: ba abin da zai fita gidan nan sai Yaya ta ji da kunnenta ta yarda. Ba satar baki na zo yi ba.

Keita

Hanyar nan duwatsu ne da gangare. Motar na tsalle, ni na dafe tebur da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tasbaha. Daf da magariba munka shiga gari, munka sauka gidan Haɓsu, ɗiyar ƙanen mijina. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa, ta shimfiɗa wa Illa tabarma a zaure.

Da safe ya haɗa kaya don gwaji, sai tebur ya kama ƙara kamar ana taka busasshen kara. Jar ƙasar hanya ta shiga ramukan sandunan duk da bargon. Ya zauna yana hurawa, yana kai su sama yana maido su ƙasa, har sunka yi laushi. Layi ɗaya dai ya mutu, bai farfaɗo ba. Ya ce sauran sun isa.

Ya ɗora mani abin sauraro a kunne ya ce in tafa. Na tafa, sai ƙarar ta zo bayan hannuna ya rabu, kamar mai amsa kira daga rijiya. Na ce wannan abu na da nawa. Ya sauya waya ya ce in sake. Wannan karon hannu da ƙara sunka zo tare. Ya ce na farko ya zaga ta ordinatar ne, na biyu kai tsaye daga tebur, kuma ta nan zan saurara gobe, tunda bakinta nake son kallo.

Tamaske

Motar ƴan kasuwa ta kai mu kafin rana ta yi zafi. Yaya na zaune a kujerarta ta tsugunno gindin rumbu, ta rame, amma idon na nan. Ta tambayi kowa na Madawa, har akuyata. Sai can ƙarshe, tana gyara bakin zane, ta ce, "Mutanen Abijan fa?" Na ce yana jin jiki, kuma yana marmarin jin dakan gida. Ta kira matan ɗiyanta ta ce a sussuke gero.

Washegari da hantsi Illa ya jera kayansa a inuwa. Mikro ɗaya kusa da turame, biyu gaban masu amshi, na Yaya kuma gaban bakinta, ya juya bayansa ga turmi. Da batir ya yi aiki, ya ce injin wuta zai cika wurin da ruri.

Farkon bai yi ba. Matan sunka tsaya ƙiƙam suna kallon ƙarfe, suna waƙa kamar an yi baƙon gwamnati, Yaya kuwa ko tari. Na cire abin kunne na ce, "Ku ƙaƙa ne? Baƙi na jiran hura kuna yi wa gero shafa? Zali, ke da ake jin taɓaryarki daga bakin rijiya!" Zali ta ce, "Inna, ai ƙarfen ne ya zuba mana ido." Na ce ƙarfe ba ya aure, ba ya kai gulma, ta yi dakanta. Sunka fashe da dariya, taɓare sunka tashi sama, tafi ya shiga. Can sai muryar Yaya ta fito, siririya:

Gero ya nuna, tsuntsu ya sani,
wanda ya yi nisa bai ga kaka ba.

Illa ya murɗa wani maɓalli a layinta, nauyin turmi ya ragu daga kunnena, ya bar murya. Ya ja sandar turame ƙasa kaɗan, domin wata ƴar fitila na yin ja duk lokacin da taɓare sunka faɗi tare. Wurin sunan ya zo. Na ga leɓɓanta sun motsa, amma ban ji komai ba. Ashe ba turmi kaɗai take fakewa da shi ba, fuska ma take kawarwa wajen rumbu. Shekara da shekaru ina ganin haka, ban taɓa lura ba sai da ya hana ni abin da na zo nema.

Na raɗa wa Illa. Bai tsayar da kowa ba. Ya tashi kamar zai gyara waya, ya matsar da mikron ɓangaren rumbu, ya dawo ya ɗora yatsu kan sandunansa. Waƙar daka zagayawa take. Da ta sake zuwa wurin, taɓare sunka faɗi, Yaya ta kau da kai, sai ga shi cikin kunnena, sarai: "Salifu, hanya ta gaji da jiranka."

Ban motsa ba. Illa ya dube ni, na gyaɗa kai.

Bayan an sha hura na sa ya kai kayan ɗakinta, ya ɗaga layin hagu, ya fita. Ni da ita kaɗai. Na gaya mata tambayar da yaron ya yi mani, kamar yadda ya yi ta, na ɗora mata abin a kunne. Na ga lokacin da ta ji, hannunta ya tsaya a kan gwiwa. Ta cire shi.

"Wannan ƙarfe ba shi da kunya," ta ce.

"Awo. In kin ce a goge, yanzu za a goge. Ba wanda ya ji sai ni da Illa."

Ta miƙo mani abin kunnen. Sannan ta ce, "Ni ban kira kowa ba, daka nake yi. Abin da ƙarfe ya tsinta, ku kai wa mai shi."

Komowa

Hanyar da ta kai mu ita ta maido mu, da kwana Keita da jira Buza, tebur na tsakaninmu cikin bargonsa. Direban nan na farko munka sake samu, yana ganinmu ya ce, "Hajiya, jariri ya yi lafiya?" Na ce ya yi aikin manya.

A ɗakinsa Illa ya daidaita layukan biyu, ya bar turame da tafi da kukan kaji yadda suke, sunan kaɗai ya ɗaga. Munka tura ta waya. Da la'asar matar Salifu ta kira, ta ce ya saurara yana maimaitawa, kuma ya nemi kunu, abin da ya kwan biyu bai yi ba. Ta ba shi wayar. Abin da ya ce kawai, "Inna, na ji."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya, shi ke da sauƙi, muna roƙonsa ya ba yaron nan. Na gode wa Illa da tsohon teburinsa, da Haɓsu, da Zali da sauran masu daka. Jiya Yaya ta sa anka kira mata ni. Ta tambayi kowa na Madawa, har akuyata, sannan ta ce, "Yaron nan naki, yana cin abinci?"