Zanen da Abarci Ya Yi wa Safi

Abarci wanzami ne a Rijiyar Aduwa, wani ƙauye arewa da Ɗan Gulbi, tun ba a yi tunanin kafa garin Dakoro ba. Ƙauyen ba ganuwa, ba dawaki. Abin da yake da shi kawai shi ne mai gari Mahamman, wanda ke gane mai cin yaƙi tun ba a ɗaura sirdi ba.

A shekarun da Gobirawan Tsibiri ke da ƙarfi, Mahamman ya kai masu caffa da raguna da gero, ya dawo da umarni: duk jaririn da aka haifa a yi masa zanen Gobir, don in mahayansu suka biyo su san nasu. Ƴaƴan Mahamman ne kaɗai ba a taɓa ba. Ya ce jinin gidansu ba ya shiri da ƙarfe.

Wanzamai biyu ne a garin. Akwai Arzika, wanda askarsa da kyar take fasa kabewa, zanensa kuma kan ɓace kafin a yaye yaro. Abarci kuwa in ya ja layi daga gefen baki zuwa kunne, ya zauna ke nan har kabari.

Da matarsa Dela ta haifi mace, ranar suna ya wasa aska da kansa.

"Wanzam, ka sassauta hannu," in ji Dela. "Ɗiya mace ce."

"Don tawa ce sai in yi mata aikin Arzika? Ina so ko a kan doki mutum yake ya gane ta."

Ɗiyar, Safi, ta tashi da zanen da mata ke tsayar da ita a hanya su duba. Yarinya ce mai yawan dariya, ba ta iya kawo tulu cike daga rijiya, kuma ta raɗa wa kowace kaza ta gidan sunan wata maƙwabciya.

Ba ta isa daka ba aka ci Gobirawa a wani yaƙi can kudu. Kafin masu rauni su kai gida, Mahamman ya aika da caffa ga wani jarumin Fulani na ɓangaren Sakkwato. Maroƙin gari ya cire suna ɗaya a waƙarsa ya sa wani, kiɗan bai sauya ba. Dattawa da dama suka tuna cewa kakarsu Bafulatana ce.

Mahayan sabon ubangida suka zo da hantsi, suka ce an karɓi caffa, amma za su tafi da masu zanen Gobir a matsayin garkuwa. Aka jera yara a bakin rijiya. Na Arzika duk suka koma gida. Dela ta shafa wa Safi toka da man shanu, tokar ta shige cikin layukan ta ƙara fito da su. Babban mahayin bai ko sauka ba, da bulala ya nuna ta.

Abarci ya je ya faɗi gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, kai ka ce a yi."

"Na ce a yi zane, Wanzam. Ban ce a yi mai zurfi ba."

"To ka roƙa mani su, su maido ta."

"Ni da na shigo hannunsu jiya? Bari ƙafata ta zauna tukuna."

Ƙafar ba ta zauna ba. Damina biyu bayan nan Gobirawa suka farfaɗo, Mahamman ya koma masu, kuma garkuwar da mai ita ya saɓa alkawari ba a ajiye ta, sayarwa ake yi. Wani fatake ya ce ya ga yarinya mai irin wannan zanen a cikin ayarin da ya nufi Abzin. Abarci ya bi rijiyoyin Azagor da ƙafa, yana yi wa makiyaya aski da ƙaho don su ba shi nono da labari. Da yawa sun gan ta. Kowa ya yaba aikin. Ba wanda ya san inda aka sauke ta.

Da ya dawo ya tarar Dela ta daina tambaya, ya kuma tarar ana shirin biki. Gobirawa sun ji cewa Rijiyar Aduwa ta rasa ƴaƴanta saboda zanensu, suka ce ba su da masoya kamar mutanen wannan gari, suka aiko wa Mahamman da alkyabba da doki. Ana bukatar a yi masa aski kafin naɗin da za su yi masa, shi kuwa ba ya yarda da askar Arzika.

Abarci ya zo da zabirarsa, ya jiƙa kan mai gari, ya aske shi tas, ko ƙwarzane babu. Aka ba shi goro. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk ayarin da ya sauka daga arewa sai ya je ya tsaya inda mata ke sauke kaya.