Kitson Asabar

Tun muna kwalejin horar da malamai take yi mini kitso. Ibo ce, Kirista, haifaffiyar Sabon Gari, amma in tana zuba Hausa sai ka rantse a Fagge aka yanke mata cibiya. Ina ce mata Madam, tana ce mini Malama. Aure bai raba mu ba, haihuwa ma haka. Ranar Asabar za ta hau adaidaita, ta ratso cunkoson Bata, ta iso gidana da kibiyar tsifa da gwangwanin man kaɗe a jaka. In zauna a tabarma tsakanin gwiwoyinta, mu yi gulmar duniya har la'asar.

Aibinta ɗaya, zafin hannu. In ta kama gashin ƙeya sai na ga taurari. In yi ihu, "Wayyo Madam, a hankali!" Ta danna kaina ƙasa ta ce, "Raguwa kawai."

Da likita ya ce ciwon daji ne gare ni a mama, na yi kukana a bayan mota, mijina Malam yana tuƙi yana ta karanto addu'a. Sannan aka fara ƙarin ruwan nan da suke kira kemo, gida kuwa ya cika da 'yan dubiya. Kowa da maganinsa a leda. Wannan zuma, wancan habbatus sauda, gwaggona kuwa zogale ta dinga aikowa kamar tana kiwon akuya. Malam, wanda bai taɓa sanin inda ashana take ba, ya koyi dama kunu. Kunun farko sai da cokali ya tsaya a ciki, na sha ina dariya har da hawaye. Duk wanda ya ce "Ya jiki?" in ce "Da sauƙi," ko da kuwa yanzu na gama amai.

Amai da kasala duk na jure. Gashi ne ya karya ni. Wata safiya na tashi na gan shi kwance a kan matashi, kafin wani lokaci kaina ya zama tal kwabo. Na ɗaure shi da ɗankwali, na ɗora hijabi, ko Malam ban bari ya gani ba. Na kira Madam na ce kada ta wahalar da kanta zuwa Asabar, ba abin da za ta kama. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ina ganin in Asabar ɗin nan ta tafi, ciwon ya ci ni ke nan tun ina raye.

Ranar Asabar sai ga sallamarta da hantsi, jaka a kafaɗa.

"Malama, shimfiɗa tabarma."

"Ba ki ji saƙona ba?"

"Na ji. Wa ya ce miki gashinki nake zuwa gani? Zauna."

Na zauna. Da kanta ta kwance ɗankwalin. Na runtse ido ina jiran salati ko kuka. Sai na ji ta ce, "Ikon Allah! Shekara da shekaru ina fama da kan nan, ashe ƙeyarki har kwana gare ta kamar titi." Na fashe da dariya, ita ma ta fashe.

"Wanne za a yi yau, shuku ko kalaba?"

Na ce shuku. Ta lakato man kaɗe ta mulke kan, ta ɗauki gindin kibiya tana jan tsaga a kan fata a hankali, layi bayan layi, tun daga goshi har tsakiya, tana ba ni labarin rigimar mawaƙan cocinsu. Da ta gama ta miƙo madubi ta ce in duba ko ya yi. Na duba. Kai ne yana ta ƙyalli, amma ni ce a ciki. Daidai nan Malam ya leƙo da kofin kunu, ya tsaya, ya gyara murya ya ce, "Madam, wannan kitson ya fi na da kyau." Daga ranar ban ƙara ɓoye masa kaina ba.

Haka muka yi ta yi har aka gama magani. Wata Asabar ina iya hira, wata kuwa barci nake yi a kan gwiwarta, ba ta fasa jan tsagarta ba.

Bayan damina gashi ya fara tsirowa, fari-fari, laushi kamar na jariri. Wata Asabar ta shafa ta ce yau kam akwai abin kamawa. Ta tattaro ɗan na ƙeya da farce, ta ja da hannun nan nata.

"Wayyo Madam, a hankali!"

Hannunta ya tsaya cak. Na jira ta ce raguwa. Sai na ji ɗigon ruwa mai ɗumi a tsakiyar kaina.

Ta ce, "Malama, don Allah sake faɗa."