In'inar Yaya Mamuda

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Rajab, shekara ta 1373, ina zaune a ofishin hakimi bayan sallar azahar, wani mai kai fatu Kano ya tsaya a ƙofa ya ce shi Malam Sama'ilu yake nema. Na ce ga ni. Ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Wanka Mamuda ya cika jiya da hantsi a rugarsu ta bayan Kanya Babba. An kai shi kafin la'asar." Zazzaɓi ne na kwana shida. Babu wanda ya aiko mini yana kwance, don shi ya hana, wai kada a ɗaga ni daga aiki.

Yaya Mamuda, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shekara uku ka ba ni. Duk wanda ya san ka, daga duwatsun Roni har kasuwar Babura, abu biyu ya sani: in'ina da shanu. In ka buɗe baki za ka gai da mutum, sai kalma ta maƙale maka, jijiyar wuyanka ta tashi, ka runtse ido kana buga ƙafa a ƙasa har ta fito. Amma da zarar ka juya wajen garke ka fara kira, Jar-wuya, Guntuwa, Mai-tozo, sai muryarka ta miƙe sumul kamar ba kai ba. Haka kuma in kana karatun sallah. Innarmu takan ce Allah ya bar maka harshenka a inda kake bukatarsa.

Da yake magana tsada take yi maka, sai ka zama mai sauraro. Mutum zai zauna ya zazzage maka cikinsa, ba ka katse shi ba ko sau ɗaya, in ya gama ka ba shi kalma uku da suka fi wa'azin wuni. Ka san sawun kowace saniya a rugarmu. Shekarar da karsanar Ardo ta ɓata, kai ka bi sawunta kwana biyu a kan tsakuwa har gindin wani dutse kusa da Gwiwa, ka tarar ta haihu, ka saɓo ɗan maraƙin a wuya tana biye da kai. Da ciwon shanu ya share garken maƙwabcinmu Daudu, bai roƙe ka ba. Da sassafe ka jawo saniya mai ciki ka ɗaure masa a turke, ka tsaya kana ta kokawa da bayani, har shi ya gane da kansa ya fashe da kuka. Sau uku ta haihu a hannunsa kafin ka yarda a dawo maka da ita.

Ni kuwa, duk abin da na zama, in'inar nan taka ce ta mai da ni shi. Da aka ce kowace ruga ta ba da ɗa ɗaya a sa a makarantar elementare, kai mahaifinmu, Baffa, ya ba da, don kai ne babba. Kwana tara ka yi aka dawo da kai, aka ce ba za ka iya karatu ba, a kawo ƙanen. Ka dawo ka karɓi sandar da ke hannuna, ni na sa rigar da aka ɗinka maka. Da kanka ka raka ni har bakin gari. Ban taɓa jin ka ce da ni wurinka na ci ba.

Akwai abin da na binne shekara goma sha ɗaya, yau zan tone shi. An ɗauke ni malamin hakimi a wata gunduma ta ƙasar Kazaure, ina da wata uku a wurin. Na riga na yar da Filatanci, na gyara Hausata har ba a jin ruga a bakina. Ina neman auren 'yar wani bafade, na bar su suna zaton ɗan gidan malamai ne ni daga cikin gari. Sai ga ƙara ta zo: manoma sun ci burtalin da shanun rugarmu ke bi zuwa tafki. Ardo ya zaɓe ka ka yi bayani, don kai kaɗai ka riƙe inda tsofaffin alamu suke, aduwa biyu da jerin duwatsun da aka kafa tun Baffa yana saurayi.

Ka shigo zaure da rigarka ta saƙi da ta sha rana, ka durƙusa, ka hango ni a gefen hakimi da alƙalami. Na ga fuskarka ta washe. Ka fara magana, sai kalmar burtali ta tsaya maka. Ka yi ta "bur, bur, bur," gumi na keto maka. Wani ya ce, "Kai, wannan ai sai gobe," zaure ya kwashe da dariya. Hakimi mutum ne mai haƙuri, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo ya ce, "Malam Sama'ilu, an ce ka san yankinsu. Ka san mutumin nan? Maganarsa abar kamawa ce?"

Na san aduwoyin nan, a ƙarƙashinsu na yi wasa. Na san duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Da na ce, "Ranka ya daɗe, wana ne, bari in faɗi abin da yake son faɗa," da an gama. Amma surukin da nake nema yana zaune yana kallona. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, na san shi sama-sama. Makiyayi ne, ba ya iya kai magana." Ban ɗaga kai daga takarda ba. Na dai ji lokacin da ka daina ƙoƙari.

Shaida ba ta tsaya ba, burtali ya tafi. Kafin damina ta faɗi, gida goma sha ɗaya suka kwashe suka yi arewa zuwa ƙasar Babura, har da gidanka, har da Inna, ga tsufa, a kan jaki. A can ta rasu, nesa da kabarin Baffa. Na samu auren. Na samu ƙarin girma. Ban je na ba ka haƙuri ba.

Kai kuwa kowace kaka sai ka zo gidana da ƙwaryar man shanu. Ba ka shiga ta zauren baƙi, ta ƙofar baya kake sallama, ka miƙa, ka tambayi lafiyar yara, ka juya. Na san dalilin da ya sa kake bin baya, na kuma bar ka kana bi. Sau ɗaya na raka ka har bakin hanya, na buɗe baki zan yi maganar, sai ni ma ta maƙale mini. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Ila, koma, rana."

Na isa rugar ran sadakar uku. Matarka Shatu ta sa aka kira ni bakin bukka, ga mata cike. Ta ce, "Malam, Allah ya saka maka. Ya sha gaya mana ranar shari'ar nan kowa ya yi masa dariya, kai kaɗai ka sunkuyar da kai don ba ka iya kallon ana wulaƙanta shi ba." Matan suka yi ta sa mini albarka. Na tsaya na karɓa, na ce amin. Ko a nan ma na kasa faɗin gaskiya.

Shi ya sa na rubuta wannan, kuma zan kai shi da kaina in karanta a gaban Ardo da duk gidajen da suka tashi. Shatu, ba tausayi ne ya sunkuyar da kaina ba, kunyar a san mijinki wana ne nake ji, mutumin da ban kai in ɗaukar masa takalmi ba. Lauwali, Abu, Tasalla, ku san wane ne ubanku, ku kuma san abin da baffanku ya yi masa. In kun ga dama ku yafe, in ba ku yafe ba, ba ku zalunce ni ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mamuda ɗan Muhammadu Lawal, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa ya huta. Ka daidaita harshensa a wajen tambaya, ka sa Aljanna ce makomarsa tare da Baffa da Inna. Ka ba Shatu da 'ya'yanta da Daudu da dukan mutanen ruga haƙurin rashinsa, ka albarkaci abin da ya bari. Ni kuma da na makara, ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanka, ranar da zan kira shi wana kowa yana ji. Amin.