Rular Gilashin Madam Lucy

Kullum da safe, kafin motocin Karu su gama sauke ma'aikata a Garki, Madam Lucy ta riga ta yaye wa madubin likita mai ƙara girman abu mayafinsa a ɗakin binciken jini. Ba da jinin kowa take farawa ba. Sai ta kwance wani ƙyalle, ta fito da ɗan gilashi mai zanen rula, wadda ba a ganin layukanta sai ta madubin. Ta ɗora, ta ɗauki hoto, ta gaya wa kwamfuta cewa daga wannan layi zuwa wancan kaza ne. Ita kwamfuta ɗigon hoto kawai take ƙirgawa. In ba ta san girman ɗigon ba, duk awon da ta yi wa ƙwayar jini shirme ne, kuma ko kunya ba za ta ji ba.

Baffa mai ɗibar jini yakan leƙo ya ce, "Madam, yau ma rular ce ta fara shiga hoto? Ko ta ƙara tsawo ne tun jiya?"

"Rula ba ya tsawo, Baffa," takan ce da Hausarta ta mutanen Karu. "Amma mashin yana mantuwa."

Ya kuwa manta. Shekarar da kwamfutar ta lalace aka gyara, saitinta duk ya goge. Nana Aisha, ɗaliba mai bincike kan jinin yara masu sikila, ta zauna tana kuka, ga hotuna fal amma ba ma'auni. Hotunan rular nan da ake yi wa dariya su suka dawo mata da aikinta, kowace rana da nata.

Bara layukan suka fara yi wa Madam Lucy dishi-dishi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Da ta so, da ta riƙa saka lambar jiya har lokacin ritayarta ya cika, don babu mai bin bayan awonta. Aikin nan kuwa shi ne rayuwarta. Amma ta tashi ta sami shugaban ɗakin.

"Oga, ba na ganin layi kuma," ta ce. "In na yi ƙarya a rula, jinin yaran mutane ne zai yi ƙarya."

Madam Lucy, ke ce kika kai ƙarar idonki da kanki. Ke ce ma'aunin ɗakin nan. Abin da ke ci mana rai shi ne, takardun bincike da yawa sun fita daga ƙarƙashin hannunki, babu ɗaya mai ɗauke da sunanki, ga shi ko an rubuta yanzu sai dai a karanta miki.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku auna ma'auninku kafin ku auna jinin mutane, kamar yadda ta yi.

Ranar da Madam Lucy za ta bar aikin, ta damƙa ƙyallen a hannun Nana Aisha, wadda yanzu ma'aikaciya ce a wurin. Washegari Baffa ya leƙo kamar kullum, ya tarar Nana Aisha ta ɗora rular. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama ɗaukar hoton, sannan ya koma bakin aikinsa.