Tafintan Rumfar Kallo

Pa Safea ko rabin Turancin fim ba ya ji, amma shekara goma sha biyu shi ke fassara wa mutanen unguwarsu a Koidu duk abin da aka sa a rumfar kallo. Yakan tsaya gefen talabijin, dungulmin hannunsa na dama cikin aljihu, ya yi ta zuba da yaren Kono. Inda bai gane ba ya ƙaro nasa, kuma wallahi nasan ya fi daɗi. 'Yan tawaye ne suka sare hannun a bakin ramin lu'ulu'u, shekarar da suka ci garin. Duk surutunsa, wannan zancen bai taɓa fitowa daga bakinsa ba.

Wata Asabar da la'asar aka kawo fim ɗin yaƙin nasu. Rumfa ta cika maƙil, har Bondu mai shinkafa da miyar ganyen rogo ta rufe tukunya ta shigo. Can bencin baya Komba ɗan acaɓa ne zaune, wanda kowa ya san an sace shi yana shekara tara aka ɗora masa bindiga. Shekara uku da dawowarsa, sai bana aka fara hawa babur ɗinsa.

Da yara masu jan ƙyalle a ka suka fito a fim ɗin suna harbi, sai Bondu, wadda aka ƙone gidanta aka tafi da ɗanta Tamba, ta juya ta kafe Komba da ido. Saura suka bi ta. Wani ya ce a fitar da shi. Pa Safea ya san in Komba ya fita ta ƙofar nan yau, shi da garin kuma har abada.

Sai ya bar fassara. Ya zaro dungulmin daga aljihu, abin da ba a taɓa gani ba, ya shiga nuna yaran fim ɗin da shi, yana raɗa musu sunayen da mutanen Kono ke ba 'ya'ya maza bi da bi.

"Wannan Sahr ɗin wata ne, ɗan farinta. Wannan mai majinar Aiah ne, na uku, ko wando bai iya ɗaurewa ba." Ya juyo. "Bondu, ƙanwata, naki Tamban in Allah ya dawo da shi, daga wace rumfa kike so a kore shi?"

Bondu ta rufe fuska da zane. Ba wanda ya ƙara juyawa baya.

Da aka tashi, ta ɗauko tukunyarta ta ɗora a kan babur ɗin Komba, ta hau, ta ce masa ya bi a hankali. Mai rumfar ya tambayi Pa Safea ina ya samo wannan ƙarfin hali. Tsohon ya mayar da dungulmin aljihu.

"Wanda ya sare ni sai da ya sara sau uku," in ji shi. "Gatarin ya fi ƙarfinsa, yana yi yana kuka."